Fashin Baƙi: Zaɓen Kafireto Ga Injin Da Aka Ƙara Wa Ƙarfi Amma Titin Gari Zai Hau

A Amurka akwai dubban mutane da ke ajiye da tsofaffin motoci na shekarun 1960 da 1970, irin su Chevrolet Camaro da Ford Mustang, suna sauke injinsu su kwance shi su sake ɗaurawa domin su ƙara masa ƙarfi, alhali motar ba filin tsere za ta ba. Titin gari za ta hau, ta tsaya a danja, ta bi cunkoso da rana tsaka, ranar hutu kuma a ɗan taka ta a babbar hanya. Kamfanonin motoci sun daina saka kafireto a sababbin motocin da ake sayarwa a ƙasar tun farkon shekarun 1990, babban rukunin gasar tseren motoci ta NASCAR ma ya koma injekta a 2012, amma har yau kamfanonin Holley da Edelbrock suna ƙera sababbin kafireto suna sayarwa, domin masu irin waɗannan motoci ba su ƙare ba. Tambayar da kowanensu ke cin karo da ita idan aikin inji ya zo ƙarshe ita ce wane kafireto zai ɗora a kai, kuma kuskuren da aka fi tafkawa a wajen amsa ta guda ɗaya ne: mutum ya sayi wanda ya fi ƙarfin injinsa, saboda ya ɗauka babbar lamba ita ce babban ƙarfi. Wannan kuskure nake so in warware, domin mu ma da muka tashi da Peugeot 504 da babura da janareto mun san kafireto a hannu, kuma dokar da ke aiki a kan injin Amurka mai silinda takwas ita ce dai ke aiki a kan namu.

Wanda ya taɓa riƙe tsohon famfon filit na hannu, wanda ake fesa maganin sauro da shi, ya riga ya ga asalin aikin kafireto. Babu abin da ke turo maganin daga gwangwani zuwa sama. Iskar da ke wucewa da gudu ta bakin siririn bututun ita ce take janyo shi ta tarwatsa shi ya zama feshi. Idan ka tura famfon a hankali, ko dai maganin ya ƙi fitowa, ko ya fito ɗigo-ɗigo. Haka abin yake a cikin kafireto. Fistin yana sauka ya zuƙo iska, iskar ta bi ta maƙogwaron kafireto, a tsakiyar maƙogwaron kuma akwai wani matsatsi da aka ƙera da gangan domin iskar ta ƙara gudu a wurin. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Battista Venturi, ya bayyana wannan al'amari tun 1797: duk inda hanya ta matse gudun abin da ke kwarara ya ƙaru, matsinsa yakan ragu. Wannan raguwar matsi ita ce ke janyo fetur daga kwanon mai, ya biyo ta cikin jet, ya fito ta bakin feshi. Abin da ya kamata mai zaɓe ya riƙe shi ne cewa ƙarfin janyowar yana tafiya ne da gudun iska sau kansa. Idan aka ninka faɗin hanya har gudun iska ya ragu da rabi, janyowar ba rabi za ta koma ba, kashi ɗaya bisa huɗu za ta koma. A nan ne babban kafireto yake cutar da ƙaramin inji, domin a ƙaramin juyi iskar ba ta da gudun da zai janyo man yadda ya kamata, wanda ya fito ɗin ma ba ya tarwatsewa, sai ya kwanta a bangon manifol, wato bututun da ke raba haɗin iska da mai ga silindodi, kamar raɓa, wasu silinda su sami da yawa wasu su rasa.

Inji kuwa yana da awon da yake so. Fetur tsantsa yana ƙonewa ƙurmus idan an haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, a bisa nauyi. Idan ana tafiya a hankali a hanya, wajen nan ake so haɗin ya tsaya. Idan aka danne totur ana neman duk ƙarfin inji, ana so haɗin ya ɗan yi kauri, wajen 12.5 zuwa 13, domin ƙarin man yana sanyaya cikin silinda yana kuma kare fistin. Haɗin da ya yi kauri fiye da kima yana baƙanta fulogi, ya fitar da baƙin hayaƙi, ya wanke man inji daga bangon silinda. Wanda ya tsinke kuma yana kawo zafi da ƙwanƙwasa, har yakan huda fistin. Kyakkyawan kafireto na titi shi ne wanda zai riƙe wannan awo tun daga silo har zuwa ƙurewar juyi, kuma motar titi ta fi motar tsere wahalar gamsarwa a wannan fuska, tun da ita ta tsere kusan kullum totur ɗinta a danne yake.

Girman kafireton Amurka ana auna shi da cfm, wato yawan ƙafa kubik na iskar da za ta iya wucewa ta cikinsa a minti guda, kowane cfm ɗaya kuma daidai yake da kimanin lita 28.3. Akwai lissafin da aka daɗe ana amfani da shi: a ɗauki girman inji a ma'aunin inci kubik, a ninka da mafi girman juyin da zai yi a minti, a raba da 3456, sannan a ninka da kason cikar silinda. Lambar 3456 ba tsafi ba ce. Inci kubik 1728 ne ke cikin ƙafa kubik ɗaya, aka ninka da biyu saboda kowace silinda sau ɗaya take shan iska a juyi biyu. Mu ɗauki injin Chevrolet 350, mai lita 5.7, wanda ya fara fitowa a 1967 kuma babu injin da aka fi yi wa irin wannan aiki kamarsa. Idan zai kai juyi 6,000 kuma a ce kowace silinda tana cika maƙil, lissafin zai ba da cfm 608. Amma injin titi ba ya cika maƙil; wanda aka gyara da kyau yakan tsaya wajen kashi 85 cikin 100, sai lambar ta sauko zuwa 516. Idan mai motar ya faɗi gaskiya cewa ba ya wuce juyi 5,500, ta koma 473. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, a juyi 2,000, inda motar ke shafe yawancin rayuwarta, ko an danne totur har ƙasa injin ba zai sha fiye da cfm 172 ba. Wanda ya ɗora kafireto mai 850 a kan wannan inji ya sayi ƙofar da ba zai taɓa cika ta ba, ya kuma biya da santsin tuƙin da yake yi kullum.

Sai dai lissafin yana da iyaka, kuma adalci ne a faɗe ta. Lambar da aka rubuta a jikin kwalin kafireto mai maƙogwaro huɗu ana samun ta ne a kan na'urar gwaji da ke zuƙa da ƙarfin inci 1.5 na zaiba. Ma'ana, idan inji ya sha daidai wannan adadi, kafireton yana ɗan riƙe masa numfashi da wannan gwargwado, shi ya sa wanda ya ɗan fi lissafi girma yakan ƙara ƙarfin inji kaɗan a can ƙololuwar juyi. Don haka ne masu injin 350 suke tsayawa a 600 ko 650 maimakon 500, kuma zaɓi ne mai kyau. Akwai kuma tarko ga mai kwatanta lambobi: kafireto mai maƙogwaro biyu ana auna shi da zuƙar inci 3, ninkin na mai huɗu. Holley mai maƙogwaro biyu da aka rubuta wa 500, idan aka mayar da shi ma'aunin masu huɗu ta hanyar rabawa da 1.414, bai wuce 354 ba.

Manifol ma yana da ta cewa. Irin wanda ake kira mai ɗaki biyu an raba cikinsa da bango, silinda huɗu suna sha daga ɓangare ɗaya na kafireto, huɗu daga ɗayan, saboda haka kowace silinda rabin kafireton take gani, zuƙarta kuma tana isa bakin feshi da ƙarfi. Irin wannan ya fi dacewa da titi, kuma yana jure kafireton da ya ɗan yi girma. Mai ɗaki ɗaya kuwa fili ne buɗaɗɗe, kowace silinda tana sha daga dukan maƙogwaro huɗu, ga yalwa a babban juyi, ga sanyin jiki a ƙarami. Edelbrock da kansa ya rubuta wa manifol ɗinsa na Performer daga silo zuwa juyi 5,500, Performer RPM daga 1,500 zuwa 6,500, Victor Jr. mai ɗaki ɗaya kuma daga 3,500 zuwa 8,000. Mutum ya dubi agogon juyin motarsa a tafiyarsa ta yau da kullum, ya ga cikin ukun nan wanne ne ya ƙunshi inda allurar take zama.

A ganina, abin da ya fi girman kafireto tasiri a titi shi ne yadda maƙogwaronsa biyu na baya suke buɗewa, kuma nan ya kamata mai saye ya fi daɗewa yana tunani. Kafireto mai huɗu yana tafiya ne da biyun gaba kawai a tuƙin yau da kullum. Na baya sai an nemi ƙarfi. Hanyoyin buɗe su uku ne. Ta farko ita ce ta sanda, inda ƙafar direba ke buɗe su kai tsaye. Matsalar ita ce da zarar faifai huɗun da ke toshe maƙogwaron sun wangale lokaci guda a ƙaramin juyi, iska ta shigo a yalwace amma a sanyaye, mai kuma ya fi iska nauyi ba ya tasowa nan take, sai inji ya ƙware kamar wanda ya kwankwaɗi ruwa da gaggawa, motar ta dunƙufar da kai kafin ta farfaɗo. Don cike wannan giɓi ne Holley ya saka famfon feshi biyu a irin waɗannan, ɗaya gaba ɗaya baya, kamar samfurin 4777 mai cfm 650 da 4779 mai 750. Wanda yake so ya ga aikin wannan famfo da idonsa, ya cire filtar iska a injin da ke kashe, ya leƙa cikin maƙogwaro, ya ja totur da hannu: zai ga siririn zaren fetur ya tsarto ya bugi bango, ya ji ƙanshinsa ya taso. Wannan tsartuwar ita ce ke riƙe inji na ɗan lokacin da babbar hanyar mai take farkawa. Kafireto mai famfo biyu yana da daɗi ƙwarai a mota marar nauyi mai giyar hannu, wadda haƙoran gatarinta na baya suke da awo irin 3.73 ko 4.10, domin injinta yana hawa juyi da sauri ya cinye abin da aka watsa masa. A mota mai nauyi, mai giyar otomatik da gatari irin 3.08, yawanci asarar mai ce da tuntuɓe.

Hanya ta biyu ita ce ta zuƙa. A nan ƙafar direba izini kawai take bayarwa. Wani tantanin roba ne da ke cikin ɗan gwangwani a gefe yake buɗe na baya, shi kuma gudun iskar da ke bi ta maƙogwaron gaba ne ke jan sa, sifirin yana tokare shi. Idan inji bai kai ga buƙata ba, ba za su buɗe ba ko an danne totur har ƙasa. Holley 1850 mai cfm 600 da 3310 mai 750 irin wannan ne, kuma ana sayar da sifirin kala-kala masu bambancin tauri domin mutum ya daidaita lokacin buɗewa. Fa'idar wannan tsari ita ce yana yafe kuskure: wanda ya sayi 750 alhali 600 ya ishe shi, injin zai buɗe iya abin da yake so ya bar sauran. Wani abu da mutane da yawa ba su gane ba shi ne, idan direba yana jin wani ɗan tsaiko sannan fizga a lokacin da na baya suka buɗe, har yana murna wai ƙarfi ya zo, to alama ce sifirin ya yi laushi sun buɗe da wuri. Fizgar da yake ji farfaɗowa ce daga ƙwarewa. Buɗewar da ta yi daidai ba a jin ta a jiki, sai dai a ji muryar inji ta yi zurfi, allurar gudu tana hawa ba tangarɗa.

Hanya ta uku ita ce ta murfin iska, kuma ita ce ta kai mu ga Rochester Quadrajet, wanda General Motors ya fara sakawa a 1965 ya ci gaba da shi har 1990. Ina ganin a wajen tunanin ƙira, babu kafireton titi da ya kai shi. Maƙogwaronsa na gaba ƙanana ne, yawanci faɗin milimita 35, saboda haka iska na gudu a cikinsu ko a ƙaramin juyi, mota ta tashi da kuzari ta kuma yi tsimin mai. Na baya kuwa manya ne ƙwarai, milimita 57, amma a samansu akwai murfi mai sifirin da ba ya buɗewa sai gwargwadon yadda inji ya zuƙe shi, yana buɗewa yana ɗaga allurar da ke sakin mai. Da wannan dabara kafireto ɗaya mai cfm 750 ko 800 ya yi aiki a kan injin Pontiac mai silinda shida na lita 3.8, ya kuma yi a kan injin Cadillac na lita 8.2. Daidai ruwa daidai tsaki ke nan, kuma kafireton ne ke auna wa kansa. Aibinsa shi ne an daina ƙera shi, waɗanda ke kasuwa tsofaffi ne da sandar faifansu ta ci raminta har iska na satar hanya, waɗanda suka iya gyaransa kuma suna raguwa. Gindinsa ma ba ɗaya yake da na Holley ba, tun da ramukansa biyu ƙanana ne biyu manya, dole a nemi manifol ɗin da ya dace da shi.

Tsakanin Holley da Edelbrock, waɗanda su ne ake samu sababbi, bambancin na hali ne. Holley 4150 ya fito a 1957, kwanonin mansa biyu suna rataye gaba da baya, kusan kowane abu a jikinsa ana iya sauya shi: jet, bakin famfon feshi, ɗan robar da ke tura famfon, sifirin, da bawul ɗin ƙarin mai. Wanda ke son zama da sukudireba yana gwaji zai same shi yadda yake so, amma sauya jet yana nufin kwance kwano mai cike da fetur a saman inji mai zafi, kuma gasket ɗinsa suna ƙasa da matakin mai, idan sun tsufa sukan yi yoyo. Edelbrock Performer, irin su 1406 mai cfm 600, ya gaji ƙirar Carter AFB, wanda shi ma na 1957 ne. Manshi yana zaune cikin gangar jiki guda ta alminiyam ba tare da gasket a ƙasa ba, ana kuma daidaita shi da wasu siraran allurai masu hawa da sauka cikin jet, waɗanda ake zarewa ta sama da kwance ɗan sukuru ɗaya ba tare da an zubar da mai ba. Ga wanda yake so ya ɗaura ya daidaita sau ɗaya ya manta, wannan ya fi kwanciyar hankali. Rauninsa zafi ne: idan aka kashe inji bayan doguwar tafiya, zafi yakan hau jikinsa ya tafasa man da ke ciki, a dawo bayan minti ashirin mota ta yi ta gurnani kafin ta tashi. Maganin da aka saba shi ne a saka faranti na katako ko na roba mai tauri tsakaninsa da manifol.

Kamshaf, sandar da ke buɗe bawul ɗin inji, shi ne ke rikita lissafin mutane da yawa. Injin da ba a taɓa ba yana zuƙa da ƙarfin inci 17 zuwa 21 na zaiba a silo. Idan aka saka kamshaf mai daɗewar buɗe bawul domin neman ƙarfi a sama, zuƙar takan faɗo zuwa 12 ko 10 ko ƙasa da haka, duk sassan kafireto da ke dogara da ita kuma sai su ruɗe. Bawul ɗin ƙarin mai na Holley misali ne bayyananne. An buga masa lamba a jiki, kuma 6.5 da yake zuwa da shi daga kamfani tana nufin zai buɗe ya ƙara mai idan zuƙa ta sauka zuwa inci 6.5, wato lokacin da inji ke ɗauke da nauyi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a auna zuƙa a silo, a cikin giya idan otomatik ce, a raba biyu: wanda ya sami 13 ya bar 6.5, wanda ya sami 9 ya koma 4.5. Idan ba a yi haka ba, bawul ɗin zai riƙa buɗewa a ƙaramar tafiya cikin gari, fulogi su yi baƙi ƙirin, mai motar ya yi ta rage jet yana neman laifi inda babu shi. Haka kuma mai irin wannan kamshaf yakan yi ta murɗa sukurun silo domin inji ya daina mutuwa, har faifai ya buɗe ya wuce ɗan tsagin da aka tanada don miƙa mulki daga silo zuwa tafiya, daga nan sukurorin haɗin mai su daina amsawa gaba ɗaya. Sau da yawa gyaran ba ya cikin kafireto. Ƙara taimin na wuta ne zai ɗaga silo a mayar da faifai wurinsa. Injin 350 yakan so jimillar digiri 34 zuwa 36 a babban juyi, wanda aka saka wa babban kamshaf kuma yana son kaso mai yawa daga ciki tun a silo.

Akwai ƙananan abubuwa da ba sa cikin talla amma su ne ke raba kafireton titi da na tsere. Na tsere yawanci ba shi da cok, murfin da ke rage iska domin inji ya tashi da sanyi, abin da ba zai dami mai zama a Florida ba amma zai wahalar da mai zama a Michigan da hunturu. Wani ba shi da kafofin da za a jona tiyon birki, da na numfashin inji, da na ƙarin taimin a tafiya, wanda shi ne ke rage shan mai da zafi a babbar hanya. Mai giyar otomatik irin 700R4 dole ya tabbata hannun totur yana da wurin ɗaura wayar giya a daidai kusurwa, domin wannan waya ce ke ƙayyade matsin man giya, kuskure a cikinta kuma yana ƙona giya cikin ɗan lokaci. Matsin famfon mai shi ma ya bambanta: Holley yana son psi 5 zuwa 7, Edelbrock ba ya son a wuce 6, Weber mai kwanciya a gefe kuwa wajen 3 ya ishe shi, abin da ya haura haka sai ya ture allurar fulot, wadda ke tsayar da mai idan kwano ya cika, mai ya malala. Ga doka kuma, a jihar California motar fetur da aka ƙera daga 1976 zuwa sama tana zuwa gwajin hayaƙi, ba kowane kafireto aka yarda a ɗora mata ba.

Idan muka sauko kan inji mai silinda huɗu, nan ne zancen ya zo gida. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 tana da injin cc 1,971, kimanin inci kubik 120, wanda a juyi 6,000 da cikar kashi 85 bai wuce cfm 177 ba. A Turai, masu ƙara wa irin wannan girman inji ƙarfi sun fi komawa ga Weber, kamfanin da Edoardo Weber ya kafa a Bologna. Samfurin 32/36, wanda Ford ya riƙa sakawa a Cortina da Capri masu lita 2, yana tafiya da maƙogwaro mai milimita 32 shi kaɗai, na 36 ba ya buɗewa sai totur ya yi nisa, wato tunanin Quadrajet ne a ƙaramin jiki. Samfurin 38/38 yana buɗe biyun tare, ya fi fizga, ya fi sha. Sai kuma DCOE mai kwanciya a gefe, wanda ake jera biyu domin kowace silinda ta sami maƙogwaronta. A wannan tsari lissafin cfm ba ya aiki, domin silinda ba ta raba hanya da kowa. Abin dubawa shi ne zoben matsatsin da ake zarewa a sauya. Silinda mai cc 500 a motar titi takan gamsu da zobe na milimita 32 zuwa 34 a cikin DCOE 40, kuma wanda ya sayi 45 ya cusa masa 38 don ya ga masu tsere na yi, zai sami mota mai ruri a sama amma ba ta iya fita daga mahaɗar hanya cikin natsuwa. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon makanike yana faɗaɗa ramin jet na tagulla da siririyar waya yana juya ta da yatsu, wai don motar ta ƙara ja. Abin ya dame ni, domin ramin jet ana auna shi ne da kashi ɗaya bisa ɗari na milimita, kuma abin da waya ta ci ba ya dawowa. Bayan mako ɗaya salansar motar ta yi baƙi kamar gindin tukunya.

Tudu da zafi suna sauya awo ko ba a taɓa komai ba. Iska tana rage kauri da kimanin kashi 3 cikin 100 a duk hawan mita 300, saboda haka kafireton da aka daidaita a bakin teku zai yi kauri a Denver mai tsayin mita 1,600, kamar yadda wanda aka daidaita a Legas zai yi a Jos mai kimanin mita 1,200. Ƙa'idar Holley ita ce a rage lambar jet ɗaya a duk ƙafa 2,000, wato wajen mita 600. Fetur ɗin Amurka kuma yawancinsa yana da kashi 10 cikin 100 na itanol, abin da ya sa awon fetur ɗin ya sauko zuwa wajen 14.1, yana saurin tafasa, yana kuma cin tsofaffin robobi.

Bayan an saya an ɗaura, aiki yana da jeri, kuma tsallake shi ne ke sa a zargi kafireto mai lafiya. Ana farawa da taimin, sannan matsin mai da matakin fulot, sannan a tabbata babu iskar da ke satar hanya ta gindi, sannan silo da agogon zuƙa a hannu, ana juya sukurorin haɗi a hankali har allura ta kai mafi tsayin da za ta tsaya. Sai bayan nan ake taɓa jet, daga baya famfon feshi, maƙogwaron baya kuma a ƙarshe, abu ɗaya a kowane gwaji. A da fulogi ne kaɗai shaida, ana zaro shi a duba ko farin kaskonsa ya yi launin ƙasa-ƙasa. Yanzu akwai na'urar da ake ɗaurawa a bututun salansa tana nuna awon iska da mai a gaban direba yana tafe, kuma kuɗinta bai kai na sabon kafireto ba. Da ita mutum zai hau hanyar da ya saba bi, ya riƙe gudu ɗaya ya ga ko lambar tana tsakanin 14 da 15, sannan a wuri mai aminci ya danne totur a giya ta uku ya ga ko ta sauko tsakanin 12.5 da 13 ta tsaya a nan har juyi ya ƙure.